Tiyatar sauya gwiwar hannu ga masu amosanin gaɓɓai: amfaninta, haɗarinta da sharaɗin da ke biye da ita

Gwiwar hannu gaɓa ce da ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da loma ta kasa isa baki. Kafaɗa ce ke kai hannu nesa, yatsu su kama, amma gwiwar hannu ce ke dawo da abin da aka kama zuwa ga jiki. Da ita ake cin abinci, a wanke fuska, a ɗaura ɗankwali, a kafa hula, a kara waya a kunne. Idan ta ƙage ko ta saki, lafiyar yatsu ba ta tsinana wa mai ita abin kirki.

A wannan hali wasu masu fama da amosanin gaɓɓai nau'in rumatoyid kan tsinci kansu, bayan cutar ta shafe shekaru tana cin gaɓar. Ga irinsu, likitocin ƙashi na da tiyatar da ake cire fuskokin ƙashin da suka lalace, a maye gurbinsu da gaɓar ƙarfe da roba. Tiyatar na raba mafi yawan waɗanda aka yi wa da raɗaɗi, ta mayar musu da ikon kula da kansu. Sai dai tana zuwa da sharaɗin da ba ya ƙarewa: hannun da aka yi wa aikin ya yi sallama da ɗaukar kaya mai nauyi har ƙarshen rayuwa. Fahimtar wannan sharaɗi tun kafin a shiga ɗakin tiyata shi ne ke raba wanda zai ci moriyar aikin shekaru masu yawa da wanda zai koma asibiti da wuri.

Wace irin cuta ce rumatoyid?

A bakin jama'a, kusan duk ciwon gaɓa sanyi ne ko amosani. A asibiti kuwa, cututtuka ne daban-daban. Akwai na zaizayewar guringuntsi, wanda shekaru da ƙiba da tsohon rauni ke kawowa, ya kuma fi kama gwiwar ƙafa da kwatangwalo. Akwai wanda taruwar wani gishiri a cikin gaɓa ke haddasawa, wanda kan fara da babban yatsan ƙafa. Rumatoyid daban yake da su. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ke juyowa ta afka wa tantanin da ke shimfiɗe a cikin gaɓa. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya riƙa fitar da sinadaran da ke narkar da guringuntsi suna kuma cin gefen ƙashi.

Cutar ta fi farawa da ƙananan gaɓoɓin yatsun hannu da na ƙafa da wuyan hannu, dama da hagu a lokaci guda. Gaɓoɓin kan kumbura, su yi ɗumi, su ƙage da safe na tsawon fiye da rabin awa, sau da yawa ma fiye da awa guda. Akan samu kasala da ƙarancin jini, kuma cutar na iya taɓa huhu da zuciya da idanu.

Wani likita Bafaranshe, Augustin Landré-Beauvais, shi ne ya fara bayyana siffarta a rubuce a 1800, sannan likitan Ingila Alfred Garrod ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yau a 1859. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita a 2019. Kimanin kashi 70 cikin 100 mata ne, kashi 55 kuma sun haura shekara 55, duk da cewa tana iya kama mace tana tsakiyar shekarun haihuwa. Gado na da hannu a ciki, shan taba kuma na ƙara haɗarin kamuwa da ita da tsananinta.

Yadda take lalata gwiwar hannu

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwar hannu: ƙashin damtse daga sama, da ƙasusuwan sangalin hannu guda biyu daga ƙasa. Haɗuwarsu na ba da motsi iri biyu, wato naɗewa da miƙewa, da kuma juya tafin hannu sama ko ƙasa. Lafiyayyar gwiwa na tafiya daga miƙewa sosai har zuwa naɗewar kusan digiri 145. Wani bincike da Dokta Bernard Morrey da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1981 ya nuna cewa mafi yawan hidimomin yau da kullum na buƙatar motsi daga digiri 30 zuwa 130, tare da juya tafin hannu digiri 50 kowane ɓangare. Wanda naɗewarsa ta tsaya a digiri 90, kamar kusurwar bango, hannunsa ba zai kai baki ba sai ya sunkuyar da kai.

Ɓarnar rumatoyid mataki-mataki take tafiya. Da farko kumburi ne kawai, hoton ƙashi bai nuna komai ba, sai dai majinyaci ya lura hannunsa ya daina miƙewa sosai. Daga nan guringuntsi ya zaizaye, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa ta rufe, ƙashi ya fara gugar ƙashi. A matakin ƙarshe ƙashin kansa ya cinye, igiyoyin da ke ɗaure gaɓar su saki, hannun ya riƙa lilo idan an ɗaga shi, ko kuma gaɓar ta ƙage gaba ɗaya.

Akwai kuma wata jijiya da ke bi ta bayan tudun gwiwar na ciki, wadda idan mutum ya buge wurin yakan ji kamar wutar lantarki ta ja shi har ƙaramin yatsa. Kumburin gaɓar na iya matse ta, sai ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi su daina jin taɓi, ƙarfin damƙa kuma ya ragu.

Matakan da ke gaban tiyata

Sauya gaɓa shi ne mataki na ƙarshe. Na farko magani ne, kuma magungunan iri biyu ne da bai kamata a rikita su ba. Masu rage zafi, irin su aibufurofen da dikulofenak, na sassauta raɗaɗi amma ba sa hana gaɓa lalacewa. Masu daƙile cutar kanta su ne ke tsayar da ɓarnar, kuma jagoransu shi ne metotireksat, wanda aka amince da amfani da shi kan wannan cuta a Amurka a 1988. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba, domin shan sa kullum na iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana bibiyar jini da hanta, kuma mai juna biyu ko mai neman ɗaukar ciki ba ta shan sa. Akwai kuma salfasalazin da haidiroksikulorokwin, waɗanda akan haɗa da shi.

Daga 1998 aka fara samun allurai na zamani da ake kira bayolojik, masu toshe takamaiman sinadaran kumburi. Suna da ƙarfi, suna da tsada, kuma suna iya tayar da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki, saboda haka sai an yi gwajin waɗannan cututtuka kafin a fara su.

Tasirin magungunan ya bayyana har a ɗakin tiyata. Wani nazari kan bayanan asibitocin jihar Niyok ta Amurka ya gano cewa a 1997, kashi 48 cikin 100 na tiyatar sauya gwiwar hannu saboda cututtukan kumburin gaɓa aka yi su. Zuwa 2006 adadin ya sauko kashi 19, yayin da karaya da sauran raunuka suka zama babban dalili.

Idan magani bai wadatar ba alhali ƙashi bai lalace sosai ba, akwai ƙananan ayyuka. Akan yi allurar sitiroyid a cikin gaɓar, ko a yi tiyatar kankare kumburarren tantanin, wani lokaci ta ƙananan huji da na'ura mai kyamara, tare da cire kan ƙaramin ƙashin sangali idan shi ne ke hana juya hannu. Ga matashi mai buƙatar ƙarfi, akan shimfiɗa wani tantani tsakanin ƙasusuwan maimakon sa ƙarfe. Manne gaɓar ta zama sanda guda kuwa ba a cika yin sa a gwiwar hannu ba, domin babu kusurwa ɗaya da za ta ba mutum damar kai hannu baki ya kuma kai shi ga tsarki.

Wa ya dace da ita?

Babban dalilin yin tiyatar shi ne raɗaɗin da ya ƙi jin magani, wanda ke hana barci da hidimar kai, tare da hoton ƙashi da ya tabbatar gaɓar ta lalace. Sai kuma sakin gaɓar da ya sa hannun ba ya iya riƙe komai, ko ƙagewar da ta hana shi kai wa fuska, musamman idan hannayen biyu ne.

Masu rumatoyid na cikin waɗanda suka fi dacewa da aikin, saboda cutar ta riga ta taƙaita ayyukansu, ba sa ɗora wa sabuwar gaɓar nauyi sosai. Yawanci an fi son majinyaci ya manyanta, duk da cewa tsananin cutar kan sa a yi wa mai ƙarancin shekaru.

Ba a yin ta idan akwai ƙwayar cuta a gaɓar ko a wani sashe na jiki, ko idan fatar wurin tana da miki, ko tsokokin da ke motsa gwiwar sun shanye. Haka nan ba ta dace da wanda sana'arsa ko halin gidansa ba za su bar shi ya kiyaye dokar nauyi ba. Idan majinyaci na buƙatar aikin kwatangwalo ko gwiwar ƙafa, su ake fara yi, domin sandunan dogarawa da zai yi amfani da su bayan wancan aikin za su sauke nauyin jikinsa a kan gwiwar hannu.

Yadda gaɓar ƙarfen take

A 1972 wani likitan ƙashi a Ingila, Roger Dee, ya wallafa sakamakon gwiwar ƙarfe da ya dasa wa masu rumatoyid ta amfani da simintin ƙashi. Irin waɗannan gaɓoɓi na farko kamar ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa suke, hanya ɗaya tak suke motsi. Raɗaɗi ya tafi, amma cikin 'yan shekaru da yawansu suka fara girgiɗi a cikin ƙashi. Dalili shi ne gwiwar ɗan Adam tana da ɗan sassauci zuwa gefe, ƙarfen kuwa ba shi da shi, sai duk wani ƙarfi da aka yi ya sauka a mahaɗar siminti da ƙashi.

Gyaran da aka yi shi ne sassauta mahaɗar. Samfurin da Dokta Ralph Coonrad ya ƙirƙiro an yi masa kwaskwarima a 1978 ya samu sassaucin kimanin digiri 7 zuwa gefe, sannan a 1981 Dokta Morrey na asibitin Mayo ya ƙara masa wani leɓen ƙarfe da ke dafe gaban ƙashin damtse domin hana shi juyawa. Shi ne aka sani da Coonrad-Morrey, wanda ya daɗe yana cikin waɗanda aka fi dasawa a duniya.

Yau nau'i biyu ne. Akwai haɗaɗɗe, wanda ƙusa ke sarƙe ɓangaren sama da na ƙasa, tana juyawa a cikin zobban roba mai tauri. Akwai kuma rababbe, wanda ɓangarorinsa biyu ba a sarƙe suke ba, igiyoyin gaɓar da tsokokin majinyaci ne ke riƙe su. Rababben na buƙatar ƙashi mai kyau da igiyoyi masu ƙarfi, in ba haka ba ya goce. Tunda rumatoyid kan cinye duka biyun, haɗaɗɗen aka fi sa wa masu ita. Ana ƙera ɓangarorin da ƙarfen taitaniyam ko gamin kobalt da kuromiyam.

Shiri da ranar aiki

Shirin na buƙatar likitan ƙashi da likitan amosani da likitan sa barci su yi magana da murya ɗaya. Yawanci akan ci gaba da shan metotireksat, amma akan dakatar da alluran bayolojik, a tsara aikin ya zo bayan wa'adin allurar ƙarshe ya cika, a kuma dawo da su idan rauni ya warke. Wanda ya daɗe yana shan sitiroyid dole ya sanar, domin katse shi farat ɗaya na da haɗari. Akan ɗauki hoton wuya, saboda rumatoyid na iya sassauta mahaɗar ƙasusuwan wuya na sama, abin da kan zama barazana ga laka a lokacin da ake sa bututun numfashi. Ana kuma magance ciwon haƙori da na fitsari da duk wani ƙurji, a daidaita sukari, a daina shan taba.

Aikin kan ɗauki kimanin awa biyu. Likita zai tsaga bayan gwiwar, ya nemo jijiyar nan ta ƙaramin yatsa ya kare ta, sau da yawa ma ya matsar da ita gaba. Sai ya bi ta gefen tsokar bayan damtse, ko ya ɗage ta daga ƙashi, ya isa ga gaɓar. Zai kankare kumburarren tantani, ya yanke fuskokin ƙashin da suka lalace, ya share kogon ɓargo na ƙashin damtse da na babban ƙashin sangali. Kowane ɓangare na ƙarfen na da doguwar ƙafa da ake zurawa a kogon, a kafe ta da simintin ƙashi, wanda ke daskarewa cikin mintuna kaɗan. Daga nan a sarƙe ɓangarorin, a gwada motsi, a mayar da tsoka a ɗinke.

Jinya bayan tiyata

Akan naɗe hannun a miƙe, a ɗaga shi sama na kwana ɗaya ko biyu domin rage kumburi da kare ɗinkin. Kwanciyar asibiti ba ta cika wuce 'yan kwanaki ba, ana kuma cire zare bayan kimanin mako biyu. Da zarar rauni ya nuna alamar kamawa ake fara motsa gaɓar a hankali, bisa jagorancin likitan fisiyo.

Idan an ɗage tsokar bayan damtse an sake ɗinke ta, makonni shida na farko ba a tura komai da hannun, ba a dogara da shi wajen tashi, ba a ɗaukar abin da ya wuce kofin shayi. Cin abinci da rubutu da wanke fuska kan dawo cikin makonni, amma ƙarfi da sakewar hannun kan ci gaba da ƙaruwa tsawon watanni. Mafi yawan majinyata na samun naɗewar da za ta kai hannu baki da kai, sai dai ba kasafai hannun ke miƙewa ɗari bisa ɗari ba.

Dokar nauyi

Nan ne gizo ke saƙa. Likitocin asibitin Mayo, ɗaya daga cikin cibiyoyin da suka daɗe suna bin diddigin wannan tiyata, sun saba gindaya cewa kada a ɗaga abin da ya wuce kimanin kilo 1 a kai a kai, ko kimanin kilo 5 a ɗagawa ɗaya. Wasu likitocin ma sun fi haka tsanantawa. Dokar ba ta watannin jinya ba ce kawai, ta dindindin ce.

Dalilinta a tsarin hannu yake. Kaya na can ƙarshen sangali, tsokar da ke ɗaga shi kuwa daf da gwiwa ta kama ƙashi, saboda haka ƙarfin da ke ratsa gaɓar ya ninka nauyin kayan sau da yawa. A aikin ƙarfi yana iya kai wa ninki uku na nauyin jikin mutum. Ƙasusuwan hannu kuma sirara ne, rumatoyid da sitiroyid sun ƙara rage musu ƙwari, ƙafafun ƙarfen da zobban robar ƙanana ne idan aka kwatanta da na kwatangwalo.

Auna dokar da kayan gida ya fi fito da ma'anarta. Litar ruwa ɗaya kilo 1 ce. Bokiti mai cin lita 10 ya ninka iyakar sau biyu, jarka mai lita 25 ta ninka ta sau biyar. Jariri sabon haihuwa kan kai kimanin kilo 3, ɗan shekara ɗaya kuma kimanin kilo 9, ke nan cira shi zuwa baya domin goyo ya saɓa wa doka. Daka da taɓarya, tuƙin tuwon gida mai yawa, jan guga daga rijiya, faskare, noma da fartanya, matse manyan kayan wanki, duka sun fita daga lissafi. Haka ma dafa ƙasa da hannu a miƙe daga tabarma ko daga sujada, domin nauyin jiki ne kacokan ke sauka a gaɓar. Wannan ya sa majinyaci ke buƙatar kujera da gado mai tsayi, da kuma koyon sabuwar hanyar zama da tashi.

Tunda mata ne suka fi yawa cikin masu cutar, kuma a kansu waɗannan ayyuka suka fi rataya a gidaje da dama, shawarar yin tiyatar ta iyali ce baki ɗaya. Matar da za ta koma gida ta tarar da tulu da turmi na jiranta, ba tare da mai taya ta ba, tana cikin haɗarin rasa gaɓar da aka kashe dukiya aka dasa mata.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 1998 Dokta Morrey da abokin aikinsa Dokta Gill sun wallafa sakamakon gwiwoyi 78 na masu rumatoyid. Kashi 97 cikin 100 ba su da raɗaɗi ko kuma kaɗan ne ya rage, kimanin kashi 92 na gaɓoɓin kuma na nan daram bayan shekara 10 zuwa 12. Wani rahoto mafi girma daga asibitin Mayo a 2016, wanda ya ƙunshi gwiwoyi 461 cikin shekaru 30, ya nuna kashi 92 ba a sauya ko cire ƙarfensu ba bayan shekara 10, kashi 83 bayan shekara 15, kashi 68 bayan shekara 20. Maza sun fi mata komawa a sake musu aiki.

Duk da haka, matsalolin wannan tiyata sun fi na kwatangwalo da gwiwar ƙafa yawa. Wani nazari da ya tattara rahotanni da dama a 2011 ya nuna kusan aiki ɗaya cikin huɗu na gamuwa da wata matsala, babba ko ƙarama. Wadda aka fi tsoro ita ce shigar ƙwayar cuta, da kan samu kimanin mutum uku cikin 100, saboda fatar gwiwar hannu siririya ce, babu tsoka tsakaninta da ƙashi, magungunan rumatoyid kuma na rage ƙarfin garkuwa. Idan ta yi zurfi, akan cire ƙarfen gaba ɗaya, a yi makonni ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a sake dasa wani.

Sauran matsalolin sun haɗa da girgiɗin ƙarfen a cikin ƙashi, cinyewar zobban roba, karayar ƙashi a gefen ƙarfen, raunin tsokar bayan damtse, da taɓuwar jijiyar ƙaramin yatsa, wadda yawanci kan warware da kanta amma wani lokaci ta zauna. Aiki na biyu ya fi na farko wahala, domin kowace cirewa na tafiya da wani ɓangare na ƙashi. Jan fata, zubar ruwa ko mugunya, zazzaɓi, sabon raɗaɗi, ƙara a cikin gaɓar, ko kasa miƙe hannu, duka alamu ne na a koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

Halin da ake ciki a Najeriya

An daɗe ana ɗaukar rumatoyid a matsayin cutar da ba ta cika kama 'yan Afirka ba. Binciken da Dokta Brian Greenwood ya wallafa daga Ibadan a 1969 ya same ta ba ta da yawa, kuma ba ta kai tsananin ta Turawa ba. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa sun wallafa bayanan majinyata 200 daga wani asibitin amosani a Legas, abin da ya ƙara tabbatar da cewa cutar na nan a ƙasar.

Babbar matsalar ita ce jinkiri. Likitocin amosani kaɗan ne, yawancinsu kuma a asibitocin koyarwa na manyan birane suke. Kafin majinyaci ya isa gare su, sau da yawa ya shafe shekaru tsakanin kantin magani da masu ganye. Ɗori na da gurbinsa a al'ada wajen karaya, amma ba ya taɓa cutar da tushenta garkuwar jiki ce, tsaga da ƙaho a kan gaɓa kuma na buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Shan sitiroyid barkatai, ko shi kaɗai ko a cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa ba takardar likita, na kawo sauƙi nan take, amma yana rage ƙwarin ƙashi da fata, ya ta da sukari da hawan jini, ya sa tiyatar gaba ta fi haɗari.

Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi a Legas, da Enugu, da Dala a Kano, tare da asibitocin koyarwa, su ne wuraren da ake neman shawarar ƙwararru kan lalacewar gaɓa. Sauya gwiwar hannu aiki ne da ba a yawan yin sa a ko'ina. A Ingila da Wales, inda aka fara sa shi a rajistar sauya gaɓoɓi ta ƙasa a 2012, ɗaruruwa ake yi a shekara, alhali na kwatangwalo da na gwiwar ƙafa kowanne na kai wa wajen dubu 100. Saboda haka haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likita sau nawa ya yi irin aikin, wane samfuri zai sa, kuma wa zai gyara idan matsala ta taso.

Daga waje ake shigo da gaɓoɓin ƙarfen, don haka farashinsu na bin canjin dala, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Mai inshorar lafiya ya kamata ya nemi bayani a rubuce kan abin da tsarinsa ya ɗauke. Wanda ya tafi Indiya ko Masar ko wata ƙasa aka yi masa aikin kuwa, kada ya dawo sai da rahoton tiyata da sunan samfurin da lambobinsa, domin zobe da ƙusar wani kamfani ba sa shiga ƙarfen wani. Ana kuma buƙatar ɗaukar hoton gaɓar lokaci-lokaci ko da babu ciwo, saboda cinyewar roba kan fara a ɓoye.

Ga wanda gwiwarsa ta riga ta lalace, wannan tiyata na iya mayar masa da barcin dare da cin abinci da hannunsa, muddin shi da iyalinsa sun amince da dokar nauyi. Ga wanda cutar ke farawa kuwa, damarsa ta fi girma. Likitocin amosani na jaddada cewa watannin farko ne lokacin da magani ya fi hana ɓarnar da ba ta gyaruwa. Duk wanda yatsunsa ko wuyan hannunsa suka kumbura dama da hagu, suna ƙagewa da safe, har aka doshi mako shida, ya kamata ya nemi a tura shi ga likitan amosani a yi masa gwajin jini da hoton ƙashi, tun cutar ba ta hau gwiwar hannu ba.